Keken da Ya Ƙi Lalacewa

Duk layin teloli Likita suke ce masa, alhali allurar da ya taɓa riƙewa a duniya ta keken ɗinki ce kawai. Wata tsohuwar maɗinkiya ce ta laƙaba masa sunan tun yana saurayi, ranar da ya kara kunne a jikin kekenta, ya lumshe ido, ya ɗago ya ce mata, "Inna, wannan ba tsufa ke damunsa ba, ƙishirwar mai ce." Sunan ya bi shi shekara talatin da ɗoriya, har ya zama idan aka kira shi da na gaskiya sai ya waiga ya ga ko da wani ake.

Shagonsa ɗan tsukuku ne a ƙarƙashin matakalar wani bene, in ya miƙe tsaye sai ya sunkuyar da kai. Akwai tebur ɗaya da mai ya rina har ya yi baƙi, da gwangwanayen madara cike da notuna da karyayyun allurai, da kawunan kekuna jere a kan kanta suna jiran masu su. Amma ba a cika samunsa a ciki ba. Da safe yakan rataya baƙar jakarsa ya bi layin a ƙafa, a hankali, yana sauraro. Daga bakin titi yake gane keken da bel ɗinsa ya saki, da wanda haƙoransa suka cinye, da wanda mai shi ke takawa da fushin da ya taho da shi daga gida. Sai ya leƙa ya ce, "Nan da jibi za ka neme ni." Kuma a neme shi ɗin.

Abin da bai taɓa tsayar da shi ba shi ne keke mai lafiya. In aka buɗe sabo daga kwali, teloli sun taru suna shafawa suna sa albarka, shi kallo ɗaya zai yi masa ya yi hamma. Amma a ce masa ga wani can a bayan shago, shekara biyar ruwa na dukansa, sai ka ga idonsa ya buɗe, ya manta da abincin rana. A sana'a wannan ba laifi ba ne, da shi ma ya yi suna. Matsalar ita ce da wannan idon yake kallon mata, kuma sai da ya kai shekara hamsin da bakwai kafin ya sani. Shi da bakinsa yake ba da labarin yanzu, yana dariya har da riƙe ciki, ba ya kuma rage wa kansa komai.

Matar da ya aura, a makarantar koyon ɗinki ya same ta. An kira shi gyaran kekuna goma sha biyu, ɗalibai mata sun kai ashirin. Cikinsu akwai kyawawa, akwai masu fara'a, akwai wata ma da ta kawo masa ruwa har sau biyu bai nema ba. Bai ga ko ɗaya ba. Wadda ya gani ita ce ta can lungu, wadda zare ya cukurkuɗe mata a ƙarƙashin yadi, malama ta yi mata tsawa a gaban kowa, ta kifa kai a tebur tana kuka. Ya warware zaren cikin minti biyu. Ta ɗago da jajayen idanu ta ce, "Na gode. Ni kam ba abin da na iya." A take ya ji wani abu ya motsa a ƙirjinsa, ya ɗauka so ne.

"Ashe," in ji shi, "aiki na gani."

Ya aure ta, kuma tsakani da Allah ya yi mata duk abin da miji zai yi. Ya haɗa mata keke daga gawarwakin kekuna uku. Ya zauna kusa da ita yana cewa taka a hankali, kada ki ja yadin, bar shi ya tafi da kansa. Ya sha sa rigunan da ta yi gwaji da su, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ya fita da su cikin mutane ko a jikinsa. Duk ranar da ta ce ta gaji, ba za ta iya ba, ranar hira ta fi daɗi a ɗakinsu. Suka haifi 'ya ɗaya. A hankali matar ta gwanance, mata suka fara yi mata layi a ƙofar gida, ta ɗauki masu koyo, ta daina kuka, ta koma mai dariya da ƙarfi har maƙwabta su ji.

Shi kuwa sai ya fara daɗewa a shago. Ba faɗa, ba zagi, ba wata a waje. Kawai in ta tare shi da murna ta ce yau an ba ta ɗinkin kayan makaranta guda, sai ya ce madalla, ya jawo rediyo. A shekara ta tara ta zaunar da shi a bakin gado.

"Baban yarinya, in tambaye ka. Yaushe rabon da ka kalle ni?"

"Ga shi kuwa ina kallonki."

"Ranar da dutsen guga ya ƙona ni ka kalle ni. Wata bakwai ke nan. Har abinci ka ba ni a baki. Wallahi sai da na yi tunanin ko in ƙona ɗaya hannun."

Ya yi dariya. Ita ba ta yi ba.

"Ka fi sona in ina kuka," ta ce. "Ni kuma na gaji da kukan."

Suka rabu ba tare da an ji kansu ba. Daga baya ta auri wani mai sayar da tabarau, mutumin da in ta gama riga yakan ɗaga ta sama ya kira masu wucewa su gani. Likita kuwa ya fito daga auren da wata magana da ya riƙe shekara ashirin yana rabawa kyauta a teburin mai shayi: mata, in ka gyara su, tafiya suke yi. Maza su gyaɗa kai, wani ya ce Allah ya saka maka. Ƙarya ce, kuma irin ƙaryar da ke da daɗin faɗa, don mai faɗinta ne ke fita da farar riga. Maza irinsa suna da yawa, abin haushin ma kowa yabonsu yake yi, ana cewa ga mai tausayi.

Bayan nan ya nemi aure sau biyu ko uku, ya danganta da yadda aka ƙirga. Wadda ya fi daɗewa da ita wata ma'aikaciyar kantin magani ce wadda matsalolinta ba sa ƙarewa. In ba rufin ɗaki na yoyo ba, to ciwon kai ne, in ba ciwon kai ba, ƙanwarta ta ɓata mata rai. Shekara biyu yana zirga-zirga. Ya gyara mata ƙofa, ya gyara famfo, ya gyara fanka, ya gyara tsakaninta da ƙanwar. Har ƙiba ya yi a lokacin, don daɗi. Ranar da ta tare shi ta ce, "Likita, yau kam ba abin da ke damuna," suka zauna rabin awa suna kallon bango, kowa ya rasa abin cewa. Bayan wata uku ta auri wani direba.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa yarda da labarinsa ba, wato yayarsa. Ta girme shi da shekara shida, ta yi aikin jinya har ta ajiye, kuma bakinta ba shi da birki. Duk Asabar yakan je gidanta cin abinci, ta cika masa kwano, ta kuma cika masa kunne.

Ana nan sai Mai Labule ta zo layin, shekara uku ke nan, ta kama shagon da ke kallon nasa. Labulen taga da rigunan kujeru take ɗinkawa, daga nan ta samo sunan. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta biyu sun yi aure a nesa. Mace ce mai jiki, da tabarau rataye a wuya da igiya, tana buɗe shago ƙarfe takwas ta rufe ƙarfe biyar, ba ta taɓa cewa wani ya ɗauko mata komai ba. Kekenta tsoho ne baƙi, ya girmi wasu telolin layin, amma ƙararsa sumul, ko tari ba ya yi. Duk ƙarshen mako takan kwance shi da kanta, ta share da tsohon burushin haƙori, ta ɗiga masa mai. Likita yana kallo daga ƙarƙashin matakala, abin yana ci masa rai.

"Matar nan ba ta da wani abin sha'awa," ya gaya wa Yaya wata Asabar.

"Wa ya tambaye ka?"

"A'a, na dai faɗa ne."

"Sati uku ke nan kana dai faɗa."

Gaskiyar magana, ya riga ya juya kujerarsa ta fuskanci titi, shi da a da bango yake kallo. Da yamma Mai Labule takan zuba shayi daga filas ɗinta ta ɗaga masa kofi, ya tsallako ya tsaya a bakin ƙofa. Hirarsu ba wata hira ba ce: ciwon gwiwa, yadin yanzu da ba ya jure wanki, 'ya'yan da ba sa kira sai suna son wani abu. Yakan koma shago da murmushi bai san dalili ba. Amma abin nan da ya saba ji yana motsi a ƙirji bai motsa ba, don haka ya yanke hukunci cewa ba so ba ne. Natsuwa yake ji, shi kuwa bai san natsuwa ba, ya ɗauka tsufa ne ya fara shigarsa. Ga kuma wata matsala: a rayuwarsa bai taɓa shiga wurin mace ba sai da jaka a kafaɗa da dalili a baki. Wannan kuwa ba ta ba shi dalili ko na ƙwayar noti ba.

Wata Talata aka kira ta awon tagogi a wani ofis, ta ce, "Likita, don Allah sa mini ido a shago." Ya zauna a kujerarta. Ya kalli keken, keken ya kalle shi. A gaban kan keke akwai wani ɗan noti da ke daidaita ƙarfin zare, in ya saki sai ɗinki ya riƙa tara zare a ƙasa. Likita, mutumin da ya yi shekara talatin yana zagin masu gyaran da ke ɓata abu don a sake kiransu, ya waiga hagu da dama, ya murɗa notin rabin zagaye.

Washegari ya zo da wankakkiyar riga, ya ajiye jaka kusa da ƙafa, ya kasa kunne. Keken ya tashi, ya ji ƙarar ta canja. Aka yi shiru na minti biyu. Sai keken ya ci gaba da tafiya sumul har yamma. Da ta ɗaga masa kofi, hirar gwiwa suka yi.

Ya ce a ransa bai murɗa da yawa ba ne. Karo na biyu da ta bar masa shago ya juya allurar baya ya koma gaba. Minti ɗaya ya ishe ta ta gyara. Na uku ya sassauta bel. Na huɗu ya cire wata 'yar waya mai lanƙwasa da zare ke bi ta ciki, ya jefa a aljihu, ya koma gida yana jin kansa kamar ɓarawon kaji. Da safe ya hango ta ta buɗe wani gwangwani, ta zaro wata wayar, ta sa, ta ci gaba da aiki. Abin da ya kamata ya ba shi tsoro, amma bai ba shi ba, shi ne yadda tun daga lokacin take yawan barin masa shagon.

Wata Asabar Yaya ba ta bari ya wanke hannu ba ta ce, "Na kai ɗinkin labule wurin matar da ba ta da abin sha'awa."

"Ke da labulenki sababbi ne?"

"Na je ganin abin da ke hana ƙanena cin abinci. Zauna ka ji. Ɗanta ya matsa mata ta rufe shago ta koma wurinsa ƙarshen watan nan. Na ce mata, to ke me kika ce? Ta ce ba a ba ta dalilin zama ba. Tana faɗa tana kallon ƙarƙashin matakala."

Ya daure ya ce, "Allah ya kiyaye hanya. Ai ita ba ta buƙatar kowa."

"Ka ji ka ko? Ba ta buƙatar kowa. Kai in ba a buƙace ka ba, ba ka san ana sonka ba." Ta tura masa kwano. "Ka tuna Mama bayan rasuwar Baba? Wata nawa ba ta yi wa kowa magana ba? Ranar da ka gyara mata fitila ta shafa kanka, ta yi murmushi. Ina tsaye ina gani. Shekararka bakwai. Tun daga ranar kake yawo a duniya kana neman mai matacciyar fitila."

"Yaya, jinya kika yi ko duba?"

"Ba sai an yi duba ba, a goshinka yake a rubuce. Ka je ka buɗe baki ka yi wa matar nan magana kamar mutum."

Ya fita daga gidan da niyyar yin hakan, Allah ya sani. Kwana uku yana haɗa maganar, yana kwancewa, yana sake haɗawa, kullum sai wani abu ya yi saura a hannu. Ranar Laraba ta bar masa shago ta tafi sayo zare. Yana zama, tsoro ya rufe shi, hannunsa ya tafi wurin da ya saba. A cikin keke akwai wata ƙugiya da ke zagayowa ta kama zare daidai lokacin da allura ta sauka. In aka goce musu lokaci ko da kaurin gashi ne, ba mai daidaita su sai mai gyara. Ya kwantar da kan keken, ya goce shi. A kan tebur kuwa ga tulin yadi mai ruwan zuma, labulen zauren wata makaranta, wanda ya sani sarai jibi za a zo karɓa.

Da safe bai sa wankakkiyar riga ba, don kunya ta fara cinsa tun a hanya. Keken ya tashi. Ya ji ƙas, allura ta karye. Ta sa wata. Ƙas. A ta uku ya ji wata ƙara da ya fi tsana a duniya, ƙarar yadi yana yagewa.

Ba ta kira shi ba. Ta kwance kan keken daga teburinsa, ta rungumo shi, abin da maza ke nishi in sun ɗauka, ta tsallako titi teloli suna kallo, ta dire masa a kan tebur har gwangwanaye suka yi tsalle.

"Huɗu na gyara," ta ce. "Na biyar ya fi ƙarfina. Ka ji daɗi?"

Ya ce, "Ranki ya daɗe, keke ai in ya tsufa..."

"Kada ka ƙara mini da ƙarya. Tun ranar farko na sani."

"Wa ya gaya miki?"

"Kai. Duk layin nan kai kaɗai ne ba ka iya tashi daga kan keke ba ka sa ƙyalle a ƙarƙashin ƙafar nan mai danne yadi ka sauke ta a kai ba. Ni a ɗage nake barinta. Sai in dawo in tarar an ɓata mini keke, an kuma shimfiɗa masa ƙyalle don kada haƙoransa su ji ciwo. Har ƙura kake sharewa. Wane irin mugu ne wannan?"

Wani tela da ya matso jin gulma ya fashe da dariya, ta juya ta kalle shi, ya koma shagonsa.

"Na bar ka ne in ga iya gudun ruwanka," ta ci gaba, muryarta ta sauka amma ta fi zafi. "Na ce mutumin nan wata rana zai gaji ya yi magana. Yau ka yaga mini yadin mutane. Yadin da aka ba ni amana."

Bai taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ya gyara keken cikin minti goma. Ya ɗauka ya kai mata, ya ɗaura, ya gwada. Sauran yinin ya zauna a ƙasa yana riƙe mata bakin yadi, ita tana yanke inda ya yage tana dabarar ɓoye shi a cikin naɗi. Sai da za ta rufe shago ta ce, ba tare da ta kalle shi ba, "Ranar Lahadi ƙarfe huɗu ka zo gidana. Jakar nan kuma ka bar ta a inda take kwana."

Ya je. Ya ce tafiyar minti ashirin ce, amma kafaɗarsa ta hagu sai karkacewa take yi don rashin nauyi, hannayensa kuwa ya sa su a aljihu, ya fitar, ya haɗa su a baya, ya rasa inda ake ajiye su. Ɗakinta ƙarami ne, kujeru biyu da tebur da hotunan jikoki. Kafin ya zauna idonsa ya riga ya zagaye ko'ina. Ƙofa ba ta ƙara. Fanka na juyawa lafiya. Ya kasa kunne ko famfo na ɗiga a ciki, shiru. Can ya hango agogon bango ya ɗan karkace, ya yunƙura da murna.

"Zauna," ta ce. "Ni na karkata shi."

Ya zauna. Ta zuba shayi. Suka yi shiru, shirun da ya sani, irin wanda ya kashe masa neman aure a baya. A ƙarshe ya ajiye kofin ya ce, "Ni fa ban san abin da ake yi a nan ba. Komai naki lafiya lau. Ban ga abin da zan yi miki ba. In ba gyara ba, ban san me zan ba mace ba, kuma ba na so ki tafi. Shi ke nan abin da ke bakina."

Ta sa tabarau, ta daɗe tana kallonsa. Sai ta jawo wani ɗan kwando daga ƙarƙashin tebur, ta zaro allura da zare.

"Miƙo hannun rigarka."

Ya duba. Bakin hannun ya zare, zare na reto, bai ma san da shi ba. Ta kama ta fara ɗinkewa a jikinsa.

"Shekara uku ina kallon hannun rigar nan," ta ce. "Bari in gaya maka wani abu. Marigayi mijina, Allah ya ji ƙansa, takalminsa ma sai na nemo masa. Shekara ashirin da shida ina bin bayansa ina tsincewa, kuma ban taɓa jin daɗin duniya irin na lokacin ba. Bayan ya rasu wani ya fito, mutumin kirki, ga gida, ga lafiya, rigarsa a goge, maganinsa ma shi ke tuna wa kansa. Yana magana ina hamma. 'Ya'yana suka yi ta faɗa. Ranar da na zo layinku na hango wani a ƙarƙashin matakala, ya sa maɓalli a ramin da ba nasa ba, yana cin burodi a tsaye, yana gaya wa mutane ƙarya a kan mata. Na ce a raina, kai, ga aiki."

Likita ya buɗe baki. Da farko haushi ya ji, shi da ake kira a ba shi haƙuri ya zo ya duba, yau shi ne a kan tebur. Sai dariya ta ƙwace masa, ya yi ta yi har ta ce ya tsaya kada ta soke shi. Amma dariyar ba ta daɗe ba, don wani abu ya faɗo masa a rai.

"To in kin gama fa?" ya ce. "Na san abin da ke biyo baya. Ranar da aiki ya ƙare, mai gyara ba ya sake waiwaya. Ni na yi wa uwar 'yata haka. Ba ita ta tafi ba, ni na bar ta tana zaune a gabana."

Shekara ashirin bai taɓa faɗin wannan ba, ko ga kansa. Mai Labule ba ta ce masa ba komai ba, ba ta kuma ce ya wuce ba. Ta ƙulla zaren, ta yanke, ta shafa wurin da babban yatsa.

"Shekararka nawa?"

"Hamsin da bakwai."

"Ni hamsin da huɗu. Likita, na duba ka sama da ƙasa. Ko yau na fara, ba na jin zan ga ƙarshen aikin nan da raina." Ta sake zura zare a allura. "Jiya na kira ɗana na ce masa kada ya turo mota, aiki ya riƙe ni. Kawo ɗaya hannun."

Ya miƙa mata.